Oklahoma Sooners a kakar 1956: tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyar da ta gagari kowa

A babban rukunin ƙwallon Amurka na jami'o'i akwai wani tarihi da har yau babu wanda ya kamo shi: cin wasa 47 a jere, babu faɗuwa, babu kunnen doki. Ƙungiyar Jami'ar Oklahoma, wadda ake kira Sooners, ita ce ta kafa shi tsakanin 1953 da 1957. A cikin waɗannan shekarun, kakar 1956 ita ce ƙungiyar ta kai ƙololuwa, kuma a kanta wannan shafin ya tsaya.

Wane irin wasa ne wannan tukuna?

Ba ƙwallon ƙafar da muka saba kallo ba ce. Ƙwallon Amurka da hannu ake riƙe ta, doguwa ce mai tsini a baki biyu, kuma mafi yawan wasan ture-ture ne da kayar da mutum. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne. Tsawon fili yadi 100 ne, da gida a kowane ƙarshe. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri huɗu don ya ci yadi goma gaba. Idan ya ci, a sake ba shi huɗu. Idan ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa galibi a yunƙuri na huɗu akan buga ta can nesa don kada a miƙa wa abokin gaba wuri mai kyau.

Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo a hannu ya ci maki shida, sannan a ba ƙungiyarsa bugu ɗaya mai maki ɗaya. Bugun ƙwallo ta ratsa tsakanin turaku daga cikin fili maki uku ne. Lokacin wasa minti sittin ne, an raba shi kashi huɗu. Saboda haka idan ka ji an ce an ci 40 da nema, kimanin sau shida ke nan aka shiga gidan mutane su ko sau ɗaya ba su leƙa ba.

A shekarun 1950 wasan jami'o'i ya fi na ƙwararru farin jini a yawancin sassan Amurka. Filin Oklahoma da ke garin Norman yana ɗaukar mutum kusan 60,000, alhali garin kansa bai kai wannan adadin ba a lokacin.

Me Oklahoma ta yi a 1956 da har ake ta maganarsa?

Ta buga wasa goma ta cinye goman. Ta tara maki 466, aka zura mata 51 kacal. Ƙungiyoyi shida daga cikin goman ko maki ɗaya ba su samu ba.

Ta buɗe kaka ranar 29 ga Satumba da lallasa North Carolina 36 da nema, ta bi Kansas State da 66 da nema, sannan ta je Dallas ta yi wa Teksas, babbar kishiyarta, 45 da nema. Sai a wasa na huɗu aka fara zura mata, inda ta doke Kansas 34 da 12. Daga nan Notre Dame ta sha 40 da nema a gidanta, Kolorado ta faɗi 27 da 19, Iowa State 44 da nema, Missouri 67 da 14, Nebraska 54 da 6. Ta rufe ranar 1 ga Disamba da maƙwabciyarta Oklahoma A&M, 53 da nema. A ƙarshe 'yan jarida da masu horarwa duk suka zaɓe ta zakarar ƙasa, shekara ta biyu a jere, kuma karo na uku tun 1950. Ta shiga kakar da nasara 30 a jere, ta fita da 40.

Wane ne kocinsu?

Charles Wilkinson, amma kowa Bud yake ce masa. An haife shi a Minneapolis a 1916, ya buga wa Jami'ar Minnesota a ƙarƙashin Bernie Bierman lokacin da take cin kofin ƙasa a tsakiyar shekarun 1930. A Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga sojan ruwa, kuma a wata makarantar horar da matuƙa jirgin sama ta sojan ruwa a Iowa ya yi aiki ƙarƙashin Don Faurot, mutumin da ya ƙirƙiro tsarin wasan da Wilkinson ya yi suna da shi daga baya. A nan ne kuma ya haɗu da Jim Tatum. Da Oklahoma ta ɗauki Tatum a 1946, sai ya taho da Wilkinson a matsayin mataimaki. Shekara ɗaya Tatum ya yi ya wuce Maryland, aka ba Wilkinson ragama a 1947 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

Abin da ya sa kakar 1956 ta yi armashi ta wannan fuskar shi ne, iyayen gidansa biyu duk sun faɗa hannunsa. Tatum ne kocin North Carolina da aka yi wa 36 da nema a wasan farko. Faurot kuwa yana shekararsa ta ƙarshe a Missouri lokacin da almajirinsa ya zuba masa 67, da dabarar da shi ya koya masa. Ɗan hakin da ka raina ba ya cikin wannan labarin, domin su biyun sun san abin da ke zuwa, hana shi ne suka kasa.

Wilkinson ba mai ihu a bakin fili ba ne. Dogo ne mai sanyin murya, yana da digiri na biyu a fannin Turanci, ana yawan kwatanta shi da malamin jami'a. Yana da shirin talabijin nasa tun farkon shekarun 1950, lokacin da hakan baƙon abu ne ga koci. Amma wajen atisaye ba ya ɗaga ƙafa: komai da lokacinsa, a maimaita motsi ɗaya har jiki ya haddace. Na hannun damansa shi ne Gomer Jones, wanda ke horar da 'yan sahun gaba.

Mece ce dabarar tasu?

Sunanta Split-T. A tsohon tsari, ƙartin sahun gaba kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. Faurot ya ce a bar tazara tsakaninsu. Idan suka baje, dole masu tsaro su ma su baje, sai ƙofofi su buɗe tun kafin a taɓa ƙwallo. Daga nan sai madugu, wato wanda ke karɓar ƙwallo da farko kuma yake jan ragamar hari, ya bi bayan sahu a gicciye maimakon ya ja da baya. Yana tafe yana kallon mutum ɗaya, mai tsaron gefe. Idan mai tsaron ya taso masa, sai ya cilla ƙwallo ga ɗan gudun da ke biye da shi ta waje. Idan mai tsaron ya bi ɗan gudun, sai madugu ya riƙe abarsa ya kutsa. Duk wanda mai tsaro ya zaɓa, ya yi kuskure. Ɗan gudun ma yana da zaɓi: ya ci gaba da gudu, ko ya jefa ƙwallo gaba idan na baya sun taso.

Wannan ba sirri ba ne, jami'o'i da yawa suna amfani da shi a lokacin. Abin da Oklahoma ta fi kowa shi ne sauri, kuma sauri iri biyu. Na farko, tashi: da an miƙa ƙwallo sahunsu ya riga ya daki na abokan hamayya. Na biyu, tsakanin yunƙuri da yunƙuri. Wasu ƙungiyoyin sukan tashi a hankali, su taru su yi shawara, su tako zuwa sahu. 'Yan Oklahoma da gudu suke tashi, da gudu suke taruwa, da gudu suke komawa. Sun nuna wa duniya wannan a wasan Orange Bowl na Janairun 1956, ɗaya daga cikin wasannin gayyata na ƙarshen kaka, inda suka gajiyar da Maryland bayan hutun rabin lokaci suka ci 20 da 6.

Akwai dokar zamanin da ta ƙara wa wannan salon kaifi. Daga 1953 an taƙaita canjin 'yan wasa, ta yadda mutum ɗaya shi ne zai kai hari kuma shi ne zai yi tsaro. Yau ba haka ba ne, kowane aiki da mutanensa. A ƙarƙashin waccan dokar, wanda ya fi yawan mutanen kirki a benci shi ke da riba. Wilkinson yana da ayari na biyu mai mutum goma sha ɗaya da yake shigarwa gaba ɗaya idan na farko sun fara haki, kuma na biyun ba su da nisa da na farko wajen iyawa. Abokan hamayya da ke da taurari huɗu ko biyar sai su wayi gari suna fafatawa da mutum ashirin da biyu masu sabon jini. A ganina wannan ne asalin bayanin manyan cin da aka riƙa yi, fiye da duk wani zane a kan allo. A kakar 1956 suna cin yadi 391 a kowane wasa da gudu kaɗai, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin su.

Ta fannin tsaro kuma sun shahara da jera mutum biyar a gaba da biyu a bayansu, tsarin da har aka riƙa kiransa da sunan Oklahoma, ƙwararru ma suka ara.

Su wane ne taurarin ƙungiyar?

Tommy McDonald shi ne wanda aka fi sani. Ɗan gudu ne daga New Mexico, ɗan ƙaramin jiki a ma'aunin wannan wasan, amma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana gudu, yana jifa, yana cafkewa. Shi ya karɓi lambar Maxwell ta gwarzon shekara a 1956. Abokin gudunsa Clendon Thomas, ɗan birnin Oklahoma, shi ya fi kowa tara maki a ƙasar a wannan kakar, ya shiga gida sau 18. A wasan Teksas kowannensu sau uku ya shiga.

Jerry Tubbs shi ne ƙashin bayan tsakiya, yana miƙa ƙwallo idan ana hari, yana tare ƙofa idan ana tsaro. Madugu kuwa Jimmy Harris ne, wanda ya fara wasa 25 a wannan matsayin bai faɗi ko ɗaya ba. Tubbs da Harris duk 'yan Teksas ne, abin da ya daɗe yana ci wa mutanen can tuwo a ƙwarya: ana ɗibar yaransu ana zuwa Dallas ana dukansu da su. Akwai kuma Billy Pricer a baya, da Ed Gray da Bill Krisher a sahu.

'Yan ajin McDonald da Tubbs da Harris sun buga kaka uku, 1954 zuwa 1956, wasa 31, suka bar jami'a ba su san ɗacin faɗuwa ba.

Babu wasan da suka ji jiki ke nan?

Akwai ɗaya, kuma saura ƙiris labarin ya canza. Ranar 3 ga Nuwamba suka je Boulder, garin da ke gindin duwatsu a Kolorado, ga sanyi ga ƙarancin iska saboda tudu. Kolorado ta koci Dal Ward tana wasa da wani tsohon tsari mai dogaro da ƙarfi, tana tara mutane a gefe ɗaya ta banke. Kafin hutun rabin lokaci tana gaba da 19 da 6. Oklahoma ta fito daga wasan Notre Dame mako guda kafin nan, kowa na yabonta, kuma alamar sakaci ta nuna.

Bayan an dawo, a harinsu na farko 'yan Oklahoma suka tsinci kansu a yunƙuri na huɗu can cikin yankinsu. Hankali ya ce a buga ƙwallo nesa. Suka ƙi, suka kutsa suka ci tazarar da ake bukata, suka ci gaba har gida. Daga nan wasa ya juya. Sun shiga gida sau uku a rabi na biyu, Kolorado ba ta ƙara ko maki ɗaya ba, aka tashi 27 da 19. Duk wanda ke son sanin ko ƙungiyar tana da zuciya ko dai sa'ar raunana ta samu, wannan rabin wasan ne shaidarsa.

Me ya sa ake ba wasan Notre Dame muhimmanci, alhali 40 da nema aka yi?

Saboda tarihi. Notre Dame ita ce jami'ar da ta fi kowace suna a wannan wasan, kuma ita ce ta ƙarshe da ta doke Oklahoma, 28 da 21, a wasan farko na 1953. Ta kuma doke ta a 1952. Wilkinson bai taɓa cin ta ba. Ga shi kuma mako guda kafin wasan, 'yan jarida sun sauke Oklahoma daga matsayi na ɗaya sun ɗora Michigan State, wadda ta casa Notre Dame ɗin.

Ranar 27 ga Oktoba, a South Bend, gidan Notre Dame, ana nunawa a talabijin a faɗin ƙasa, Oklahoma ta huce haushinta. McDonald da Thomas kowannensu ya tare jifar abokan hamayya ya ruga da ita har gida. A ranar ce kuma Illinois ta kayar da Michigan State, sai Oklahoma ta koma kujerarta. Wannan ita ce nasara ɗaya tilo da Wilkinson ya samu a kan Notre Dame a duk zamansa.

Ta yaya aka san zakara idan babu wasan ƙarshe?

Da ƙuri'a. Jami'o'in da ke babban rukuni sun haura ɗari, kowace wasa tara ko goma take bugawa, yawanci da maƙwabtanta. Ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa. Saboda haka kamfanin dillancin labarai na AP tun 1936 yake tambayar marubuta wasanni kowane mako su jera waɗanda suka fi, shi kuma United Press tun 1950 yake tambayar masu horarwa. Wanda ke sama a ƙuri'ar ƙarshe shi ne zakara. A wancan zamanin ana rufe ƙuri'ar a farkon Disamba, kafin wasannin gayyata na sabuwar shekara.

Tsarin yana da illa, Oklahoma ma ta ɗanɗana. A 1954 ta ci wasa goma cif amma aka ajiye ta ta uku, aka raba kambun tsakanin Ohio State da UCLA. A 1956 kuma Tennessee ita ma ba a ci ta ba, har ta karɓe matsayi na ɗaya na mako guda a Nuwamba bayan ta doke Georgia Tech 6 da nema. Wannan ne ya sa Missouri ta sha 67: ƙungiyar da ake auna ta da ƙuri'a ba ta da dalilin tausaya wa kowa. Tennessee ta ƙare ta biyu, sannan Baylor ta doke ta 13 da 7 a Sugar Bowl, abin da ya kashe bakin masu gardama.

To me ya hana zakarar ƙasa zuwa wasan gayyata na ƙarshen kaka?

Doka ce ta rukuninsu, Big Seven, wato gasar jami'o'i bakwai da Oklahoma ke ciki. Rukunin yana da yarjejeniya da masu shirya Orange Bowl a Miami, amma ba a yarda ƙungiya ɗaya ta je shekara biyu a jere ba. Oklahoma ta je a kakar 1955, don haka a 1956 ta zauna gida. Kolorado da ta zo ta biyu ita ta tafi, ta doke Clemson 27 da 21.

Gaskiya ne an ba ɗan wasan da ƙungiyarsa ta faɗi sau takwas kyautar Heisman a wannan shekarar?

Gaskiya ne. Heisman ita ce babbar kyautar ɗan wasan jami'a, kuma a 1956 Paul Hornung na Notre Dame aka ba, ƙungiyar da ta ci wasa biyu ta faɗi takwas, har da 40 da nemar da aka ambata. Har yau shi kaɗai ne ya taɓa karɓarta daga ƙungiyar da faɗuwarta ta fi cinta yawa. Johnny Majors na Tennessee ya zo na biyu, McDonald na uku, Tubbs na huɗu. McDonald ne ya fi kowa samun ƙuri'ar matsayi na farko, amma masu zaɓen da ke son Oklahoma sun rabu tsakaninsa da Tubbs. Yawan gwanaye ne ya cuce su.

Hornung gwani ne, ya tabbatar da haka daga baya a ƙungiyar ƙwararru ta Green Bay Packers. Sai dai wanda ya zo na biyar a wannan ƙuri'ar shi ne Jim Brown na Syracuse, wanda mutane da yawa ke ɗauka babu ɗan gudu kamarsa a tarihin wasan. Brown baƙar fata ne, kuma sai a 1961 baƙar fata ya fara karɓar Heisman, wato Ernie Davis, shi ma daga Syracuse.

Akwai baƙar fata a ƙungiyar Oklahoma ta 1956?

A cikin waɗanda suka buga wasannin goma, babu ko ɗaya. Jihar Oklahoma tana da dokokin wariya, baƙaƙe suna da tasu jami'ar daban a Langston. Sai da Ada Lois Sipuel ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 1948, kafin ƙofar sashen shari'a ta buɗe mata. George McLaurin, wanda aka ɗauka karatun digiri na uku a 1948, an ware masa wurin zama shi kaɗai a aji da ɗakin karatu da wurin cin abinci, har sai da Kotun Ƙoli ta haramta hakan a 1950. Shekara shida kacal ke nan kafin kakar da muke magana.

A 1956 ɗin ne Prentice Gautt, ɗan birnin Oklahoma, ya shigo a matsayin baƙar fata na farko a ƙungiyar. Wasu likitoci da masu harhaɗa magunguna baƙaƙe ne suka haɗa masa kuɗin makaranta da farko, kafin Wilkinson ya ba shi tallafin karatu na 'yan wasa. Dokar lokacin ta hana 'yan shekarar farko buga wa babbar ƙungiya, don haka sai 1957 ya fara. Ya sha wulaƙanci a gidajen abinci da masaukai, amma ya zama tauraro, aka zaɓe shi cikin gwanayen rukuni sau biyu, ya buga wasan ƙwararru, ya yi digiri na uku, ya kuma riƙe babban muƙami a ofishin rukunin.

Wannan yana shafar yadda za a auna kakar 1956. A jihohin Kudu kusan duk ƙungiyoyin manyan jami'o'i farare ne zalla. A ƙarshen 1955 gwamnan Georgia, Marvin Griffin, ya nemi hana Georgia Tech buga Sugar Bowl don kawai Pittsburgh tana da baƙar fata guda ɗaya, Bobby Grier. Jami'o'in baƙaƙe irin su Grambling da Florida A&M da Tennessee A&I suna da nasu gasar da nasu zakarun, ba a sa su a ƙuri'ar AP, ba a kuma haɗa su wasa da irin su Oklahoma. Idan aka ce zakarar ƙasa a 1956, ana nufin zakarar waɗanda aka bari su shiga layi.

Wasu na cewa abokan karawarsu raunana ne. Haka ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Ana yi wa rukunin Big Seven ba'a cewa Oklahoma ce da 'yan rakiya shida. Oklahoma ta yi wasa 74 a jere a cikin rukunin ba a doke ta ba, sai a 1959 Nebraska ta ci ta 25 da 21. Manyan sunaye biyu da ya kamata su gwada ƙungiyar a 1956 kuma duk sun zo a shekarar rashin sa'a: Teksas wasa ɗaya ta ci cikin goma, Notre Dame biyu. In ban da Kolorado, babu wata mai ƙarfi sosai a jadawalin.

Amma a duba ɗaya ɓangaren. Duk lokacin da aka haɗa su da babba a waɗannan shekarun, sun nuna kansu. A Janairun 1954 sun doke Maryland 7 da nema bayan an riga an naɗa ta zakarar ƙasa. A Janairun 1956 sun sake doke ta lokacin ita ma ba a ci ta ba, kuma yawancin mutanen da suka yi wannan aikin su ne suka dawo a kakar 1956. Sannan cin raunana ma ba kowa ke iya yinsa kowane Asabar na tsawon shekara huɗu ba tare da tuntuɓe ba. Manyan ƙungiyoyin da suka biyo baya, Miami da USC a farkon shekarun 2000, a wajen 34 suka tsaya. Hukuncina shi ne sun cancanci kambun, amma tazarar 466 da 51 ta fi nuna raunin jadawali fiye da yadda masoyansu ke son amincewa.

Ana biyan 'yan wasan?

A hukumance a'a. Ɗalibai ne, abin da doka ta yarda shi ne kuɗin makaranta da masauki da abinci da littattafai da ɗan abin kashewa. A ƙarƙashin tebur kuwa attajiran magoya baya, da yawansu masu harkar man fetur, ba sa rasa hanyar kyautatawa. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta sanya Oklahoma ƙarƙashin sa ido na shekara biyu a 1955 saboda ba 'yan wasa abin da ya wuce ƙa'ida, ma'ana kakar 1956 kanta a cikin wannan hukuncin aka buga ta. A 1960 aka sake hukunta ta kan wani ɓoyayyen asusun ɗaukar 'yan wasa, wannan karon har da hana ta talabijin da wasannin gayyata. Ba ita kaɗai ba ce, a 1956 ɗin manyan jami'o'in gaɓar yamma ma sun shiga irin wannan badaƙalar.

Me ya sa mutanen jihar suka ɗauki wasan ɗalibai da zafi haka?

Oklahoma jiha ce mai ɗan gajeren tarihi da tabo mai yawa. Ƙasa ce da gwamnatin Amurka ta tura ƙabilun asali cikinta da ƙarfi a ƙarni na 19, sannan ta dawo ta buɗe wani yanki ga baƙi masu neman gona ranar 22 ga Afrilun 1889. An ce kowa ya jira a ba da alama da tsakar rana kafin ya ruga ya kafa turke. Waɗanda suka saci jiki suka riga shiga su ake kira Sooners, kuma sunan da ƙungiyar ta gada ke nan. An kafa jami'ar a 1890, yankin ya zama jiha a 1907.

A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura suka haɗu da karyewar tattalin arziki, gonaki suka mutu, dubban iyalai suka ɗaure kaya a kan tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya neman aikin gona. Can aka riƙa kiransu Okies cikin raini. Bayan yaƙi, masu kula da jami'ar suka yanke shawarar cewa ƙungiyar ƙwallo mai ƙarfi za ta dawo wa mutanen jihar da martabarsu, ga kuma tsofaffin sojoji matasa suna dawowa makaranta da tallafin gwamnati. Da gangan aka gina abin. Shugaban jami'ar, George Lynn Cross, masanin tsirrai, ya taɓa gaya wa 'yan majalisar jiha cikin gatse, lokacin da yake neman kuɗi, cewa burinsa ya gina jami'ar da ƙungiyar ƙwallon za ta yi alfahari da ita. Maganar ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Yaya jerin nasarorin ya ƙare?

McDonald da Tubbs da Harris sun gama karatu, amma a 1957 Oklahoma ta ci wasa bakwai na farko, lissafi ya kai 47. Ranar 16 ga Nuwamba Notre Dame ta koci Terry Brennan ta zo Norman, bayan ta faɗi wasa biyu a jere, babu mai ba ta dama. A makon ne mujallar Sports Illustrated ta fito da hoton Clendon Thomas a bango tana bayanin dalilin da ya sa ba za a iya doke Oklahoma ba. Ranar kuma ta dace da cikar jihar shekara 50.

Aka yi ta fafatawa babu ci har kashi na huɗu. Sai Notre Dame ta taso daga yadi 80, tana ci kaɗan-kaɗan, har ta iso yadi uku daga gida a yunƙuri na huɗu. Oklahoma ta tattaru a tsakiya tana jiran a kutso, aka cilla wa Dick Lynch ta gefen dama ya shige, saura ƙasa da minti huɗu. Aka tashi 7 da nema. Wannan ne karon farko cikin wasa 123 da Oklahoma ta kasa cin ko maki ɗaya. Ta ci sauran wasanninta na kakar, har da Duke 48 da 21 a Orange Bowl.

Ina mutanen suka ƙare?

McDonald ya koma Philadelphia Eagles, ya ci kofin ƙwararru a 1960, aka shigar da shi zauren gwarazan wasan a 1998. Tubbs ya buga wa Dallas Cowboys sannan ya daɗe yana horarwa a can ƙarƙashin Tom Landry. Teksas kuwa, bayan 45 da nema da kakar nasara ɗaya, ta ɗauko Darrell Royal, tsohon madugun Wilkinson, ta ba shi ƙungiya a Disambar 1956. A 1958 Royal ya doke ubangidansa 15 da 14, ya kuma ci gaba da doke shi kowace shekara har Wilkinson ya ajiye aiki bayan kakar 1963, da nasara 145, faɗuwa 29, kunnen doki 4. A 1964 Wilkinson ya tsaya takarar majalisar dattawa a jam'iyyar Republican, Fred Harris na Democrat ya kayar da shi. Ya rasu a 1994.